Hannun Daman Saje Gamaliel

Ƙarfe shida saura kwata na safe, ruwan watan Agusta yana ta yayyafi tun asuba, irin wanda ba ya ɗaukewa kuma ba ya ƙaruwa. A wani gida mai jan ƙyaure a Sabon Garin Keffi, wani dattijo dogo mai furfura a gefen kunne ya turo ƙofa da ƙafa ya fito. Ya yafa rigar ruwa a kafaɗa, hannunsa na dama yana cikin aljihun wando. Ba sanyi ne ya sa ya ɓoye shi ba. In bai sa shi a aljihu ba, lilo yake ta yi kamar ba nasa ba.

Daga cikin ɗaki matarsa Lea ta ɗaga murya.

"Baban Febi, ina kuma za ka a cikin ruwan nan? Wa ya ba ka aiki?"

"Shayi zan sha wajen Ubale."

"Shayin gidan nan guba ne?"

"Naki ya fi daɗi, Maman Febi. Nasa dai ya fi zafi."

Ta yi tsaki, amma kana jin dariya a cikin tsakin. Ta san inda za shi, ta kuma san ba shayi ba ne.

Wannan shi ne Saje Gamaliel, mutumin Panda, wanda ya yi shekara ashirin da shida yana aikin ɗan sanda. Goma sha bakwai daga cikinsu a wuri ɗaya ya yi su a tsaye, a mararrabar da hanyar unguwa ke shiga babban titin Abuja, wadda mu masu keken haya mai ƙafa uku da masu acaɓa muke kira Kwanar Saje. Wata biyar ke nan da aka yi masa ritaya saboda raunin da ya samu a bakin aiki. Ba a sa hotonsa a jarida ba, ba a kira sunansa a rediyo ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da muka gani da idonmu, da wanda waɗanda suka gani suka faɗa mini, tun yana raye yana jin abin da za a ce a kansa.

Sai na fara da yadda yake aiki, don in ba a gane wannan ba, ba za a gane sauran ba.

A Kwanar Saje babu fitilar ba da hannu. Manyan motoci ne ke gudu a kan babban titi, tireloli da dogayen bas da motocin ma'aikatan da ke sammakon Abuja. Mu kuma masu ƙananan ababen hawa muna fitowa daga unguwa muna son tsallakawa. Saje yakan tsaya a tsakiya. Da hannun hagu yake kiran motocin babban titi ko ya tsayar da su. Hannun dama kuwa namu ne. In ya ɗaga shi sama, tafin yana kallonmu, to ko kudan zuma ne ya shige maka riga ba ka motsawa. Da ya sauke shi, ka wuce. Ba sai ya busa usur ba, ba sai ya waiwayo ba. Shekara da shekaru a haka, har muka daina duba titi. Hannun kawai muke kallo, domin bai taɓa yi mana ƙarya ba. Wani ma yana taɓa hira da fasinjansa, gefen idonsa ne kawai ke gadin hannun.

Wanda ya saɓa kuwa, hukuncinsa sananne ne. Saje zai zare makullin babur, ya nuna maka bencin Ubale mai shayi da ke bakin kwanar.

"Je ka zauna ka kalli titi na minti goma. In ka ga abin da na gani, ka dawo ka karɓa."

Bencin nan har suna muka sa masa, kotun Saje. Ubale yakan ce shi ne alƙalin ɗaukaka ƙara, amma duk wanda ya ɗaukaka ƙara gare shi sai ya sha shayi tukuna. Wasu sabbin shiga sukan matso kusa da Saje su ce, "Oga, a taimaka mana," suna laluben aljihu. Sai ya dube su daga sama har ƙasa ya ce, "Hannun nan tsayarwa ya iya, bai iya karɓa ba. Minti ashirin yanzu."

In aka ɗauko gawa za a wuce da ita, ko a makara ce a kafaɗun mutane ko a akwati a bayan mota, Saje yakan tsayar da titin gaba ɗaya, ya ƙame, ya sara mata har ta wuce. Bai taɓa tambayar ta wane ɓangare ce ba. Ranar Juma'a shi ke tsallakar da masu zuwa masallaci cikin rana tsaka, ya riƙe hannun tsofaffi, alhali shi mai zuwa coci ne ran Lahadi. Malam Akram, wani tsohon malamin makaranta da idonsa ya yi rauni, ya taɓa ce mini, "Ni ban san fuskar mutumin nan ba. Tafin hannunsa na sani."

A daminar bara ne, cikin watan Yuni, abin ya faru. Ubale yana wurin, kuma har yau in yana ba da labarin sai ya ajiye ludayinsa. Wani keke cike da mata masu zuwa suna ya mutu a tsakiyar kwanar. Daidai lokacin wata tifa ɗauke da yashi ta gangaro, burki ya ƙi, direban yana ta danna oda yana ihu. Kowa ya watse. Saje bai gudu ba. Ya sa kafaɗa a bayan keken ya tunkuɗa shi da dukkan ƙarfinsa, keken ya gangara gefe da matan a ciki. Shi kuwa bai samu sararin kaucewa duka ba. Gefen tifar ya kwashe shi ta kafaɗar dama ya watsar a kan kwalta.

Mata biyar da jariri ɗaya suka sauka daga keken nan ko ƙwarzane babu. Saje kuma ya yi wata bakwai tsakanin asibiti da gida. Aka sa masa ƙarfe a ƙashi, ƙashin ya haɗe. Amma likitoci suka ce jijiyoyin da ke ɗaga hannun sun taɓu, sai dai a jira a ga abin da Allah zai yi.

Da shekara ta juya, sai takarda ta zo masa cewa a watan Maris zai bayyana gaban kwamitin likitoci a Lafiya. Su za su duba hannun su yanke: ko ya koma bakin aiki, ko ya ajiye kaki.

Saje bai san wata rayuwa ba in ba ta kwanar nan ba. Lea ta ce tun ranar da takardar ta zo ya rataya igiya a reshen mangwaron tsakar gidansu, ya ɗaura bakinta ɗaya a wuyan hannun dama, yana jan ɗaya bakin da hagu. Ya ja hannun ya hau, ya saki igiyar, hannun ya faɗo. Ya sake. Kullum haka, safe da yamma, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Baban Febi, za ka tsinka abin da likita ya ɗinka."

"Bari dai, jiya ya tsaya har na ƙirga biyar."

"To in ya tsaya har ɗari fa? Ka koma tifa ta ƙarasa ka?"

"Ke dai ki yi mini addu'a."

"Ina yi. Ban dai faɗa maka abin da nake roƙo ba."

A hankali ya gano dabara. In ya ɗan karkata jiki ya wurga kafaɗar, hannun yakan hau sama ya tsaya cak, kamar da. Wanda bai sani ba zai rantse ya warke. Ranar da ya tsaya har minti ɗaya, Lea ta ce sai da ya shiga ɗaki ya ciro kakinsa ya goge da kansa da hannun hagu.

Saura mako biyu a je Lafiya, ya roƙi baturen 'yan sandan yankin ya bar shi ya gwada tsayuwa ta awa ɗaya, tare da Kofur Lovelyn, 'yar sandar da aka sa a kwanar tun bayan hatsarin. Aka yarda masa.

Ranar da ya fito cikin kaki, kwanar ta rikice da murna. Masu acaɓa suna ta danna oda, masu talla suna guɗa. Ubale ya ɗaga buta sama yana cewa, "An buɗe kotu! Masu laifi ku shirya!" Saje ya shiga tsakiya, ya wurga kafaɗa, hannun ya hau. Muka tsaya. Ya sauke, muka wuce. Sau uku, sau huɗu, lafiya lau.

A karo na biyar motocin babban titi suka yi yawa, riƙon ya yi tsawo. Saje ya juya fuskarsa can yana kiran wata doguwar bas da hannun hagu. Hannun dama yana sama yana tsare da mu. Sai kawai ya sauko da kansa. Shi bai ma ji saukarsa ba.

Izzuddeen ne a gaban layi, ɗan acaɓa mai iyali, ya ɗauko Mama Vera mai sayar da ƙwai, ta ɗora kiret-kiret ɗin ƙwan a cinyarta. Ya ga hannu ya sauka, ya yi abin da ya saba yi shekara goma. Ya ba babur wuta ya shiga titi.

Usur ɗin Kofur Lovelyn da ƙarar burkin bas tare suka tashi. Izzuddeen ya murɗe kan babur, suka zube a gefen kwalta, bas ɗin ta tsaya tazarar da ba ta kai taku biyu ba. Ƙwai ya malale titi. Mama Vera ta tashi tana kiran sunan Yesu tana duba jikinta, ba abin da ya same ta sai gwaiduwa har a ɗankwali.

Nan take mutane suka yi ca a kan Izzuddeen. Direban bas ya sauko yana zagi. Kofur Lovelyn ta zare makullin babur ɗin tana cewa, "Kai makaho ne? Ba ka ga an tsayar da ku ba?"

Izzuddeen ya dubi Saje, ya dubi hannun da ke lilo a gefensa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, ranki ya daɗe. Gaggawa na yi."

Mu da ke bayansa a layi duk mun ga abin da ya faru. Ba wanda ya ce uffan. Ba mu yi shawara ba, amma kowa ya san in maganar nan ta fita, Saje ya gama aiki.

Saje ya tsaya yana kallon ƙwan da ke bin kwalta. Can ya tako a hankali.

"Kofur, ba shi makullinsa."

"Oga, ai shi da bakinsa ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Ba shi ya yi laifi ba. Hannuna ne ya ce masa ya tafi."

Ya juya ya ba Mama Vera haƙuri, ya ba direban bas haƙuri, sannan ya je ya zauna a kan bencin nan da ya sha zaunar da mutane. Ubale ya zuba masa shayi ya matso kusa, ya rage murya.

"Saje, kwantar da hankalinka. Ba wanda ya ga komai."

"Ni na gani, Malam Ubale."

"Kai ma ai ba ka gani ba, baya ka juya."

"To ai shi ne abin tsoron."

Da yamma wasu daga cikinmu suka bi shi gida, Izzuddeen a gaba. Suka ce za su faɗa wa kowa a daina dogara da hannun, a riƙa jiran usur. Suka ce likitocin Lafiya ba su san an yi ba, kuma ba za su ji daga bakin kowa ba. Saje ya saurare su har suka gama.

"Shekara goma sha bakwai ina koya muku ku yarda da hannun nan," in ji shi. "Yaya za ku daina a mako biyu? Ko kun daina, wanda ya yi tafiya ya dawo fa, wa zai faɗa masa? Yau ƙwai ne ya fashe, Izzuddeen."

Ranar kwamiti Lea ta raka shi Lafiya, aka bar ta ta zauna a kujerar baya. Babban likitan ya ce, "Saje, ɗaga hannun mu gani." Ya wurga kafaɗa, hannun ya hau ya tsaya. Likitan ya ƙirga goma, ya gyaɗa kai, ya ce madalla, ya ɗauki biro.

Lea ta ce a lokacin ta ga gumi ya tsatso a ƙeyar mijinta. Da ya yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, da an rubuta masa ya koma aiki.

"Likita, kada ka rubuta tukuna," in ji Saje. "Ka duba agogo, ka bar ni in riƙe na minti uku. A kwanarmu riƙo yakan kai haka."

Likitan ya ajiye biron. Minti ɗaya ya wuce. Kafin na biyu ya cika, hannun ya zame ya faɗo ya bugi cinyarsa. Sai ya ba su labarin Izzuddeen da Mama Vera daga farko har ƙarshe, bai rage komai ba.

"Ka san abin da kake jawo wa kanka?" in ji likitan.

"Na sani, ranka ya daɗe. Na fi wata biyu ina roƙon Allah kada a yi mini ritayar nan."

Suka gwada shi da biro ko zai iya aikin rubutu a ofis, yatsun suka kasa riƙewa. A ranar aka sa hannu a takardar ritayarsa. Lea ta ce da suka iso Keffi a mota, suka zo wucewa ta kwanar, sai ya juya fuskarsa ɗaya gefen.

Ranar da ya je miƙa kaki, sai da ya sara wa ogansa kamar yadda doka ta ce. Ya kama wuyan hannun dama da na hagu, ya ɗaga shi zuwa goshi, ya riƙe. Da ya fito, ya tarar da mu a bakin titi mun jera kekuna da babura, duk mun kashe inji. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannun hagu yana cewa, "A gafarce ni da hagu, a gafarce ni da hagu." Da ya zo kan Izzuddeen, sai Izzuddeen ya ƙi karɓa. Ya sa hannu biyu ya zaro na daman daga aljihu, ya riƙe shi ya daɗe.

Baba Saje, kai ne ka sa kafaɗarka tsakanin tifa da mata biyar. Wannan kowa ya sani, kuma an yaba maka. Amma ni wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na biyun, wanda ba a yi shi cikin gudu da ihu ba. A ɗaki mai sanyi, biro yana hannun likita, kowa yana son ya rufa maka asiri, kai ne ka ce a duba agogo. Aikin da ka fi so a duniya ka ajiye don kada wani ya mutu saboda ya yarda da kai. Dogo mai tsaron kwana, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba hannun nan sauƙi, ya bar ka da Maman Febi da tsakinta.

Ku kuma masu karatu, akwai irinsa a kowane gari. Akwai wanda harsashi ya zauna masa a ƙugu, akwai wanda mota ta taka wa ƙafa yana ba da hannu. Da zarar sun cire kaki sai mu daina ganinsu. Ku neme su, ku gaishe su, ku zauna ku ji labarinsu. Masu iko a kan takardunsu su dube su da idon rahama, su sauƙaƙa musu zirga-zirga, domin mai rauni ba ya jure dogon layi. Wanda kuma mutane suka dogara da hannunsa, ko direba ne ko unguwarzoma ko mai gyaran burki, ranar da ya ji hannun ya fara gazawa, ya tuna da Saje Gamaliel ya faɗa da bakinsa.

To, a safiyar nan ta Agusta, Saje ya iso kwanar tun Ubale yana fama da risho. Suka gaisa.

"Saje, yau ma? Gwamnati fa ta sallame ka."

"Ita ta sallame ni, ruwa bai sallami kwanar ba."

Ya zagaya bayan teburin shayin ya jawo wani faffaɗan katako mai ƙafafu gajeru, wanda ya sa kafinta ya haɗa masa. A daidai inda mai ba da hannu ke tsayawa akwai ɗan kwari, in an yi ruwa nan yake taruwa har idon sawu. Shekara goma sha bakwai ya yi a cikinsa, ya san yadda yake cin tsakanin yatsun ƙafa. Ya rataya igiyar katakon a kafaɗar hagu, ya jira titi ya yi sarari, ya ja shi har tsakiya. Ya daidaita shi da ƙafa, ya hau ya gwada ko yana rawa, ya cusa ɗan dutse a ƙarƙashin kusurwa ɗaya. Sannan ya dawo benci ya zauna, ruwa na ɗiga daga rigarsa.

Ƙarfe shida da rabi Kofur Lovelyn ta sauka daga acaɓa da gudu, ta gyara hula, ta nufi tsakiyar kwanar. Ta taka katakon ta hau ko ƙasa ba ta duba ba, ta ɗaga hannu, layin keke ya tsaya.

Ubale ya girgiza kai. "Ka gani ko? Tun farkon damina kake jan abin nan, ko sau ɗaya ba ta tambayi wa ke kawowa ba."

Saje ya ɗauki kofinsa da hagu, ya hura shayin.

"Bar ta, Malam Ubale. Idonta yana kan titi."